Shekarar da Na Sare Galan ɗin Inna

Ku 'ya'yana kun sha yi mini dariya a kan jarka. Duk wanda ya shigo gidan nan da mai ko ruwa a cikin roba, sai na kwance murfin na kai hanci, in raina bai kwanta ba in ce a fita da ita. Kuna cewa tsufa ya kama Hajiya. To ku yi ta dariyarku, Allah ya kai ku shekaruna. Wannan babin dai ba dominku na zauna rubuta shi ba. Na babbar yayarku ne, Uwani, wadda ba a ɗakina ta tashi ba, wadda aka raina da labarin cewa uwarta ta kusa kashe ta, sannan ta zaɓi rigima ta tafi ta bar ta. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ni kaɗai na rage, kuma ba na son in bi su da maganar a cikina. Saboda haka Uwani, da ke nake.

Daga Mabai aka kai ni gidan mahaifinki, wani ƙauye a gefen Yankara. Ba zan kama sunan ƙauyen ba, jikokin gidan suna nan da ransu kuma ba su yi mini komai ba. Mahaifinki manomi ne, mai haƙuri, mai jin tsoron uwarsa yadda ya kamata ɗa ya ji, har ma ya ɗan zarce. Uwar tasa, kakarki, kowa Inna yake ce mata. Tana zaune a babban gida cikin gari wajen wansa, mu kuma muna sabon gida a bakin gari, sai an ratsa dandali kafin a je wajenta. Kada ki ɗauka zan ce miki muguwa ce. Wallahi ba muguwa ba ce. Mace ce mai tsabta, mai faɗa, mai kyauta, wadda ta sha yunwa tun tana yarinya ta fita da ranta, shi ya sa ko zare ta gani a ƙasa sai ta duƙa ta ɗauka. Da aka haife ki sunanta aka sa miki, don haka ba mai iya kiran sunan a gidan, aka laƙaba miki Uwani. Ni kuwa ko Uwanin ba na faɗa, tunda ke ce ɗiyata ta fari. In kina kuka a gaban mutane sai in kau da kai kamar ban ji ba, sai wata ta ɗauko ki ta ɗora mini a cinya tana yi mini tsiya. Haka aka koya mana, kuma na iya abin ƙwarai, har Inna tana yabona a gaban baƙi.

A gidan da na tashi da gidan da aka kai ni, ba mu san wani abu wai shi yarwa ba. Ƙwarya ta fashe a kai wa gyartai ya ɗinke, ta sake fashewa a fafe mara a jikinta, abin da ya rage yara su yi wasa da shi. Tukunya ta fashe, gindinta ya koma kaskon ruwan kaji. Zane ya tsufa ya zama majanyi, daga majanyi ya zama gammo, daga gammo ya zama tsumman goge fitila. Toka a tace ta don miya, sauran a zuba a juji, jujin kuma jaki ya kwashe shi zuwa gona kafin ruwa ya sauka. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce wannan tattali ne. Kayan ne da kansu haka suke, in sun gama aiki a hannunmu ƙasa ta cinye su. Matar da aka ga tana zubar da abin da zai iya riƙe ruwa ko gishiri, ranar ta shiga bakin unguwa.

Sai ga shekarun nan da aka ce ƙasa ta yi kuɗin mai. Mu dai ba mu ga man ba, amma mun ga abin da ya biyo shi. Rediyo ta shiga kowane zaure. Aka fara yaye jinka ana buga kwano. Samari suka tafi birni aikin gini suka dawo da agogo da wando mai faɗin ƙafa, wasu ma ba su dawo ba. Ranar kasuwar Yankara sai ga bokitan roba ja da shuɗi an jibge su, ga burodi a cikin leda. Ni yarinya ce a lokacin, kuma ƙarya nake in na ce ban so abin ba. Ranar da mahaifinki ya sayo mini bokitin roba, sai da na zagaya da shi gidan maƙwabta kamar mai neman aron garwashi. Inna kuwa ta karɓi sababbin kayan da tsohon hannunta. In ta ci burodi sai ta wanke ledar, ta shanya a igiya, ta ninke ta cusa a ƙarƙashin katifa.

A shekarar da kika fara tafiya, malaman gona suka matsa wa mutane a kan auduga. Sukan zo a kan babur su tara maza a gindin bishiyar dandali, su raba iri da taki da maganin feshi. Maganin yana zuwa a farin galan na roba mai mariƙi da murfi na murɗawa, da takarda manne a jikinsa an zana ƙoƙon kan mutum. Abin da aka faɗa wa maza a dandali a dandali ya tsaya. Mu da ke cikin gida, masu wanke kowane mazubi, ba wanda ya leƙo ya ce mana uffan. Ni dai abin da na gani shi ne, duk ranar da mahaifinki ya yi feshi sai ya dawo yana haɗa hanya, zufa na tsiyaya, ya zauna a bakin ɗaki yana tofar da miyau, ya ce kansa kamar ana sara. In na wanke rigar hannuna ya wuni yana ƙaiƙayi. In na yi magana ya ce rana ce.

Da galan ɗin farko ya ƙare, ya zo da shi gida ya ajiye a zaure. Inna ta zo duba ki ta gan shi. Sai ka ce an ba ta kujerar Makka. Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa, ta murɗa murfin ta sake murɗawa.

"Ikon Allah! Ko ƙuda ba ya shiga. Wannan ai ya fi gora. Ka ba ni shi, Allah shi yi maka albarka."

A tsakar gidana ta wanke shi. Ta kankare takardar da yashi, ta zuba toka da ruwan zafi ta jijjiga, ta zubar a makwararar ruwa, ta sake, har sai da ta gamsu. Ina da 'yan agwagi a lokacin, ƙananan nan masu rawaya, kullum suna cikin makwararar suna wasa. Kafin la'asar na ishe su a zube, wuya a karye, ƙafafu na rawa. Uwarsu ta kai gobe, ita ma ta bi su. Inna ta ce ciwon kaji ne ke yawo a gari. Na ce to. Amma tun daga ranar, ko tuwo nake tuƙawa sai in ga ƙafafun nan suna rawa.

Akwai wata Bamagujiya, Kande, da ke kawo mana daddawa daga unguwarsu ta bayan rafi. Su matansu suna noma kafaɗa da kafaɗa da maza, don haka ta san abin da ake faɗa a waje. Babbar mace ce mai murya kamar ta namiji, ba ta iya raɗa ba. Na ba ta labarin agwagina ina yi kamar wasa. Ba ta yi dariya ba.

"Ke amarya, galan ɗin feshi? Ina tsaye malamin ya ce in ya ƙare a huda shi a gina rami a rufe. Ya ce ko an wanke shi sau nawa, dafin na cikin naman robar. Wa ke sha a ciki?"

Na ce ba kowa. Bakina ne ya faɗa, don ban iya cewa surukata ba.

Inna ta yi ta zuba ruwa a ciki tana zuwa da shi unguwa, ba abin da ya same ta sai ciwon kai da take cewa na tsufa ne. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali har aka yi kaka. Sannan aka fara maganar yayenki. Kin san yadda ake yi, yaro in ya isa yaye wajen kakarsa ake kai shi ya manta da nono, uwa kuma ba ta leƙawa, ba ta tambaya, balle a kan ɗan fari. Inna ta zo da kanta tana murna, ta ce ta sa an rubuta miki rubutun yaye, ta surfa gero, ta soya gyaɗa. Tana ta lissafa shirinta ina duƙe ina cewa madalla, har ta kawo kan abin da nake tsoro.

"Kunun ma a galan ɗina zan riƙa zuba mata. In na dama da safe na murɗe, har azahar da ɗuminsa, ba ƙuda ba ƙasa. Ba irin renon ƙazamai zan yi ma takwarata ba."

Ina kallon ƙasa, maganar tana bakina, amma ta ina zan fara? Matar ɗa ta ce wa uwar miji mazubinki guba ne? Kuma a kan ɗiyar fari, wadda ko sunanta ban isa in kama ba? Na raka ta har zaure ina yi mata a sauka lafiya.

Da mahaifinki ya dawo na kai masa ruwa, na durƙusa na ƙi tashi. Na gaya masa maganar agwagi, na gaya masa ta Kande. Na ce ni ban isa ba, amma shi ɗanta ne, ya karɓo galan ɗin da dabara, ya ce malaman gona ne suka ce a mayar.

"An wanke shi da toka a gabanki," in ji shi. "Wata nawa Inna na sha a ciki?"

"Inna babba ce, Malam. Kuma ruwan sanyi take zubawa. Wannan kunu ne mai zafi, ga man gyaɗa."

"To ni in je in ƙwace abin da na ba ta da hannuna, ta sa mini albarka a kansa? Ke ko kunya ba ki ji ba, kina ta rawar jiki a kan ɗiyar fari? In aka ji wannan a gari ina za ki sa kanki?"

Ya ga ina hawaye, ya sassauta murya ya ce zai duba. Na san wannan zai duba ɗin nasa. Ranar Juma'a da hantsi aka zo aka ɗauke ki, kina miƙo mini hannu ta kan kafaɗar mai goyon, ni kuwa na juya ina kwashe toka a murhun da na riga na kwashe.

Ban san yadda zan kwatanta miki kwanakin nan ba. Nono ya cika ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ni, amma ba shi ne damuwata ba. Kunnena yana waje. Jaki ya yi kuka gabana ya faɗi. Wata ta rangaɗa guɗa a nesa in saki abin da ke hannuna in tsaya, sai na tabbatar guɗa ce ba kururuwa ba. In mahaifinki ya dawo daga gaida Inna in zuba wa fuskarsa ido, ba damar tambaya, shi kuma ba ya cewa komai. Na yi salla na rasa raka'a nawa na yi. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar da nake naƙudarki.

Ranar kasuwar Yankara da rana tsaka, ina tankaɗe, Kande ta faɗo gidan ko sallama babu, ƙwaryar daddawa a ka.

"Na biyo ta gidan surukarki. Ɗiyarki ba lafiya. Miyau ke zuba kamar an buɗe tulu, jiki ya saki. Tsohuwa ta ce kewar nono ce da haƙori, tana ta yi mata hayaƙi. Na ga farin galan a gefenta. Ke, kin ce mani ba mai sha a ciki!"

Ban san na tashi ba. Ba mayafi, ba takalmi, gari a hannuna har gwiwar hannu. Ni da ban taɓa fita da rana ba sai da izini, na ratsa dandali a guje, dattawa na zaune a gindin bishiya, na ji wani yana cewa subhanallahi, matar wa ce wannan. Na faɗa babban gida na wuce matan gidan a tsakar gida, na ɗaga asabarin ɗakin Inna.

Kina kwance a tabarma, rigarki ta jiƙe sharkaf. Hayaƙi ya cika ɗakin. Yatsun ƙafarki suna rawa su kaɗai, naman fuskarki yana motsi, numfashinki yana ƙara kamar ana tafasa ruwa a ƙirjinki. Na ɗaga fatar idonki na ga baƙin tsakiyar ya tsuke bai fi ƙwayar riɗi ba. Inna tana durƙushe a kanki da kaskon wuta, ita ma kuka take. A nan na yi abin da aka yi shekaru ana ba da labarinsa a garin. Na buɗe baki na ƙwala kiran sunanki na yanka, sunan da yake nata, a gabanta, a cikin ɗakinta, da ƙarfin da har na zaure suka ji. Na sure ki na zauna a ƙasa na tura miki nono a baki, don ban san wani magani ba sai shi.

Matan gidan suka ɗauki salati.

"Nonon da ya kwana! Za ta kashe ta! Ku ƙwace ɗiyar!"

Ko ja biyu ba ki yi ba, bakinki ba ƙarfi. Wata ta kama hannuna na fizge. Na saɓa ki a kafaɗa na fita, Kande ta yar da ƙwaryarta ta biyo ni, ita ta ba ni zanen da na goya ki. Muka yanki gonaki har bakin titi, kan karan dawa yana yanka mini ƙafa ban ji ba. Ina gudu ina kai hannu baya ina taɓa cikinki in ji ko yana ɗagawa. Kande ta tsaya a tsakiyar titi ta ware hannuwa a gaban wata motar auduga, direban ya taka birki yana zagi, da ya ga abin da ke bayana ya buɗe ƙofa.

A ɗakin shan magani aka karɓe ki. Malamin asibitin ya duba idonki, ya sunsuna rigarki, bai tambaye ni mene ne ba.

"Akwai mai feshin auduga a gidanku?"

Na ce akwai. Ya ce a daminar da ta wuce ya ga maza da yawa da irin wannan, amma bai ga ƙaramin yaro ba sai yau. Ya yi miki allura, ya zauna yana kallon idonki, ya sake yi. Na tambaye shi za ki tashi? Ya ce in yi addu'a. Ina tsugune a gindin gadon ina kallon ƙirjinki, duk numfashin da kika ja sai in ce shi ne na ƙarshe. Can wajen la'asar mahaifinki ya iso a kan keke, ya yi wujiga-wujiga. A gabana malamin ya gaya masa, da Hausa, ba da wani yare ba, cewa dafin maganin feshi ne, kuma a je a fasa mazubin a binne tun bai ci wani ba. Mahaifinki ya ce to, ya share hawaye da hularsa. Ki riƙe wannan, Uwani. Ya ji da kunnensa.

Allah ya yi da sauran kwananki. Miyau ya tsaya, kika buɗe ido, kika yi kukan da ban taɓa jin mai daɗinsa ba. Muka ɗan kwana biyu aka sallame mu.

Ba a bar ni na wuce gidana ba, aka ce a biya babban gida. Na ishe an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, wan mahaifinki yana zaune, mahaifinki yana gefensa, Inna tana bakin ɗakinta, mata sun jeru a jikin danga. Na durƙusa kina bayana. Inna ta rame a 'yan kwanakin nan, idonta ya faɗa. Ita ta fara magana.

"Na yaye 'ya'ya na yaye jikoki, ba wanda ya taɓa ko tari a hannuna. Ɗiya tana kewar uwa, tana haƙori, ina lallaɓa ta. Wannan ta faɗo mani ɗaki kai ba ɗankwali, ta kama sunana kamar sa'arta, ta ɗura mata nonon da ya kwana. Mi kuke so ya faru? Sannan a ce wai ni na ba takwarata guba. Ni!"

Wan mahaifinki ya juya ya dubi ƙanensa.

"Kai ka je asibitin. Mi suka ce?"

Na ɗaga kai na dube shi, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba. Ya dubi uwarsa tana kuka. Ya dubi tabarma. Ya daɗe yana jan zaren tabarmar nan.

"Yadda Inna ta ce, haka ne."

Ban tsane shi ba, ko a lokacin. Na san abin da ya gani: in ya faɗi gaskiya, ya ce wa uwarsa a gaban surukanta ita ta kusa kashe jikarta, da abin da shi ya ba ta. Bai iya ba. Aka yanke cewa in ba Inna haƙuri, in kwance ki in miƙa a ƙarasa yaye, magana ta wuce. Ina jin su sama-sama, don idona ya riga ya sauka a kan wani abu. Galan ɗin yana kife a kan dirkar danga, an wanke shi tas, an shanya yana jiran kunun gobe.

Kada wani ya ce miki hauka ne ya kama ni, ko zuciya ce ta ɗebe ni. Da hankalina na yi. A durƙushen nan na auna komai. In na ba da haƙuri na koma ɗakina, ina da aure, ina da ke a bakin mutane, amma gobe da safe za a murɗe murfin nan a kan kununki. In na taɓa galan ɗin, aurena ya mutu, kuma na san dokar: ɗiyar da aka yaye ta gidan ubanta ce, ba a tafiya da ita. Ko ta ina na bi, a hannun Inna za ki kwana. Abin da ya rage mini kawai shi ne in zaɓi ko da galan ko babu.

Na miƙe kina bayana. Akwai gatarin faskare a jingine kusa da murhu. Kafin su gane inda na nufa na fizgo galan ɗin na jefa a ƙasa na sara. Roba ce mai tauri, saran farko gatarin ya yi tsalle. Na taka mariƙin da ƙafa na sake sara, na sake, har ya rabe. Ko da aka yi masa wankin nan duka, da ya buɗe sai warin ya taso, na ga matar wan mahaifinki ta kai gefen zane hanci, ta yi sauri ta sauke. Na kwashi gutsattsarin na kai bayan gida na zura su a ramin masai ɗaya bayan ɗaya, don na san Inna, in na bar rabi za ta yi kaskon kaji da shi.

Da na fito ba mai motsi. Inna ta dubi ɗanta.

"A gidana. Da gatarina. In wannan ta sake kwana da igiyarka, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Bai kai magariba ba ya sake ni. Bai dube ni ba. Inna ta zo da kanta ta tsaya a bayana, na kwance zanen, ta zare ki. Kina da ɗumin jikina har lokacin. Na durƙusa na kama ƙafarta, na ce Inna na yi laifi, ki yi mini duk abin da kika ga dama, abu ɗaya nake roƙo, don Allah ki riƙa ba ta a ƙwarya. Ta janye ƙafarta ta shige ɗaki da ke.

Na koma Mabai. Babana ya saurare ni har na gama, ya ce ban kyauta ba da na kama sunan babba, sannan ya tashi ya fita, na ji shi a zaure yana fyace hanci. Ya aika roƙo ta bakin dattawa ko a ba mu ke, aka ce ba a san wannan ba. Bayan shekara na auri mahaifin ƙannenki, Allah ya ba ni zaman lafiya a gidansa, amma tsoron bai bar ni ba. Na sare galan ɗaya ne, kuma kowace damina ana kawo wasu. Duk wanda na ji za shi kasuwar Yankara sai na bi shi har ƙofa, in ce ya nemi Kande mai daddawa ya tambaye ta abu ɗaya. In wuni ban ci ba sai ya dawo ya ce, ta ce a gaya miki ɗiyar tana nan. Haka na yi ta yi har kika yi wayo, har aka yi miki aure ban je ba, don ba a gayyace ni ba.

Inna ba ta taɓa cewa na yi gaskiya ba. Har ta koma ga Allah tana cewa nono ne, kuma haka ta gaya miki. Na daɗe ina jin zafin wannan. Ke da kanki kika cire mini shi ba ki sani ba, zuwanki na farko gidan nan, lokacin da kike zaune a bakin gadona kamar baƙuwa muna neman abin da za mu ce wa juna. Na miƙa miki fura, kika riƙe kina murmushi, kika ce kin tuna kakarki. Kika ce tana da wata ɗabi'a da ta ba ki haushi kina yarinya: ba ta taɓa ba ki abin sha kai tsaye ba. Ko ruwa ne, ko kunu, ko a gidan biki, sai ta karɓa ta kurɓa, ta riƙe a hannunta ta zauna shiru, kina kuka kina ja mata zane, sai an jima sannan ta ba ki. Kika ce sauran jikokin ba ta yi musu haka, ke kaɗai, kuma har yau ba ki san dalili ba.

Na ce miki tsufa ne, na tashi na fita tsakar gida. Ba tsufa ba ne, Uwani. Jira take ta ga, in da dafi, ko ita zai fara kamawa.